Ladi Kwali, Maginiyar da Ke Bayan Naira Ashirin

Duk wanda ya taɓa karɓar canji a hannun mai shago a Bukan Sidi, ko a babbar kasuwar Lafiya, ya san takardar naira ashirin. Koriya ce, ta leda, kuma jama'a sun fi kiranta Murtala, saboda hoton marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed da ke gabanta. Yau ba ta sayen wani abin kirki, shi ya sa ba kowa ne ke tsayawa ya dube ta ba. Amma idan ka juya bayanta, za ka ga wata mace tana aiki, hannuwanta a jikin tukunya. An rubuta sunanta da siririn rubutu kusa da hoton: Ladi Kwali. A cikin dukkan takardun kuɗin Nijeriya, ita kaɗai ce macen da aka sa hotonta tare da sunanta. Ba sarauniya ba ce, ba 'yar siyasa ba ce, ba ta kuma yi karatun boko ba. Maginiya ce, wato mace mai sana'ar ginin tukwane.

A zamaninta akwai dubban mata masu wannan sana'a a ƙauyukan tsakiyar Nijeriya, wasunsu gwanaye ne ƙwarai. Sun yi aikinsu, sun rasu, tukwanensu sun farfashe, sunayensu sun ɓace. To, me ya sa nata sunan ya tsira, har ya hau kuɗin ƙasa? Gwaninta tana daga cikin dalilai, babu shakka. Amma akwai wani ƙaramin abu da ya taimaka, abin da bai kai girman farcen ɗan yatsa ba: haruffa biyu, L da K, waɗanda ake dannawa a gindin tukunya tun tana ɗanya.

An haifi Ladi wajen shekarar 1925 a garin Kwali. Kwali yanzu ƙaramar hukuma ce a Babban Birnin Tarayya, a kan hanyar da ta tashi daga Abuja zuwa Lakwaja. A lokacin ƙauye ne na manoma. Mutanen wurin su ne waɗanda Hausawa ke kira Gwari, su kuma suna kiran kansu Gbagyi ko Gbari. Ɗaliban Jihar Nasarawa sun san su sarai, domin akwai 'yan'uwansu da yawa a Karu da Toto da Keffi. Sunan Ladi kuwa na Hausa ne: haka ake kiran yarinyar da aka haifa ranar Lahadi, kamar yadda ake kiran ta ranar Alhamis Lami, ta ranar Asabar Asabe ko Asibi. Da ta shahara, sai aka haɗa sunanta da na garinsu, kamar yadda aka saba yi a Arewa.

A wurare da dama na ƙasar Hausa maza ne ke ginin tukwane, amma a ƙasar Gwari sana'ar mata ce. Yarinya takan koya a gida tun tana ƙarama. Ladi ta koya a hannun wata mace daga 'yan'uwan iyayenta. Yana da kyau mu tsaya mu dubi yadda ake wannan aiki, domin duk abin da Ladi ta yi daga baya, a nan tushensa yake.

Da farko ana haƙo yumɓu, wato lakar da ta dace da gini. A jiƙa shi, a tsince tsakuwa da saiwoyi, a cuɗa shi sosai har ya yi laushi. Maginiya takan ɗauki curi guda babba ta ɗora a kan wani abu mai ɗan tudu. Sai ta luma hannu a tsakiyarsa ta yi rami, ta riƙa jan lakar daga ciki zuwa sama. Idan bangon tukunya ya fara tashi, sai ta mulmula laka doguwa kamar igiya, ta ɗora a baki, ta manne ta da yatsu, ta ƙara wata a kai. Abin lura shi ne, tukunyar ba ta motsi ko kaɗan. Maginiyar ce ke zagaya ta, a sunkuye, hannu ɗaya a ciki yana tokarewa, ɗaya a waje yana shafewa. Babu ma'auni, babu awo. Ido ne da tafin hannu. Duk da haka randar da ta fito daga hannun gwana takan yi zagaye daidai wa daida, bangonta ba kauri, kamar da na'ura aka yi ta.

Idan tukunya ta ɗan sha iska, ba ta bushe ba kuma ba ta da danshi da yawa, sai a yi mata ado. Ana mirgina wata 'yar murɗaɗɗiyar igiya ko guntun itace mai tsaga-tsaga a jikinta, ya bar sawu mai kama da saƙa. Ana kuma zana layuka da kaifin kara ko wuƙa. A nan ne hannun Ladi ya bambanta da na sauran. Takan raba cikin randa gida-gida, ta cika kowane gida da wata dabba: ƙadangare, kunama, hawainiya, kada, maciji, kifi, tsuntsu. Ba ta zana su kamar yadda suke a hoto ba. Takan miƙar da jikin ƙadangare, ta baje yatsunsa, ta cika bayansa da ƙananan layuka, har ya zauna daram a kumburin randar kamar can aka halicce shi. Duk dabbobin nan na dajin da ta tashi a cikinsa ne, ba daga littafi ta gan su ba.

Bayan tukwane sun bushe sarai, sai a kai su matoya, wato filin da ake gasa su. A jera su, a lulluɓe da itace da busasshiyar ciyawa, a cinna wuta. Wutar ba ta daɗewa, kuma zafinta yakan tsaya tsakanin digiri 600 zuwa 900. Magina da yawa a wannan yanki sukan yayyafa wa tukunya ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, tun tana da zafi, don ta yi duhu ta ƙara ƙarfi. Tukunyar da aka gasa haka tana da wasu ƙananan ƙofofi a jikinta waɗanda ido ba ya gani. Ruwa yakan tsattsafo ta cikinsu kaɗan-kaɗan, iska ta busar da shi, ruwan da ke ciki ya yi sanyi. Wannan ne sirrin randa. Saboda waɗannan ƙofofi ne kuma tukunyar ƙasa ke jure wutar murhu ba ta fashe ba. Ku riƙe wannan bayani, za mu dawo kansa.

Babu maginiyar da ke rubuta suna a jikin tulu a wancan zamani, domin babu bukata. Mai saye ta san wadda ta gina, ƙila ma maƙwabciyarta ce. In tulu ya yi nisa da gida, sai dai a ce tulun gari kaza ne. Haka abin yake tun fil azal. Gumakan laka na Nok, waɗanda aka tono a kudancin Kaduna da kewaye, sun haura shekara dubu biyu, duniya tana mamakin kyansu, amma babu wanda zai iya faɗin sunan ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka gina su.

Tun Ladi tana budurwa hannunta ya faɗa, labarin tukwanenta ya wuce Kwali. Ya kai har fadar Sarkin Abuja. A nan sai a yi hattara: Abujar da ake nufi ba babban birnin yau ba ne. Tsohon gari ne kusa da dutsen Zuma, wanda zuriyar sarakunan Haɓe na Zazzau suka kafa a 1828, bayan jihadi ya fitar da su daga Zariya. Da gwamnati ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, sai aka ɗauki sunan Abuja aka ba shi, tsohon garin kuma ya koma Suleja. An ciro sabon sunan ne daga sunan Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Shi wannan sarki mai ilimin zamani ne, mai kuma son aikin hannun talakawansa. Ya sayi randunan Ladi da dama ya ajiye a gidansa, ba don zuba ruwa ba, sai don a gani. Ke nan tun kafin wani Bature ya san da ita, akwai wanda ya gane cewa aikinta ya wuce na amfanin yau da kullum. Ya kamata a faɗi wannan a fili, domin sau da yawa akan ba da labarin kamar Turawa ne suka fara ganin darajarta.

A 1950 wani Baturen Ingila mai suna Michael Cardew ya iso gidan sarkin. Shi ma magini ne. An haife shi a 1901, ya koyi sana'a a hannun Bernard Leach, ɗaya daga manyan maginan Ingila, ya kuma yi aiki a ƙasar da ake kira Gana a yau kafin ya zo Nijeriya. Gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauke shi jami'in kula da ginin tukwane, ta tura shi ya zaga ƙasa ya ga abin da za a iya yi. A wannan zagaye ne ya ga randunan da ke gidan Sulaimanu Barau, suka ba shi mamaki, ya tambayi wadda ta gina su.

Cardew ya zaɓi Abuja don kafa cibiyar koyar da ginin tukwane, saboda akwai yumɓu mai kyau da itacen wuta da ruwa, ga kuma sarki mai goyon baya. Cibiyar ta fara aiki a farkon shekarun 1950. Manufarta ita ce a koya wa 'yan ƙasa yin kwanuka da kofuna da butocin shayi masu ƙarfi, irin na tangaran, don a rage sayo su daga waje. Shi kansa Cardew bai ga wani abin gyara a tukwanen gargajiya ba. A ganinsa sun riga sun dace da aikin da ake yi da su. Ɗaliban farko duk maza ne. Sai a ƙarshen 1954 Ladi ta shiga, ta zama mace ta farko a wurin. Harshen da ya haɗa ta da Cardew da sauran ma'aikata shi ne Hausa. Ita Gwari ce harshen uwarta, shi Turanci, amma dukkansu sun koyi Hausa, suka yi aiki da ita. Wannan abin lura ne ga duk mai koyon Hausa a matsayin harshe na biyu.

A cibiyar ta tarar da abubuwa uku da ba ta saba da su ba. Na farko faifai ne mai juyawa, wanda ake ɗora laka a kai, tukunya ta riƙa juyawa maginin yana zaune. Wadda ta saba zagaya tukunya, yau ga tukunya tana zagayawa a gabanta. Ba ta daɗe ba ta ƙware, ta riƙa fitar da kwanuka da faranta da kofuna. Takan tsoma su a ruwan farar laka ko ja, sa'an nan ta kankare zane a kai da ƙayar beguwa, launin da ke ƙasa ya bayyana. Na biyu ruwan ƙyalli ne, haɗin garin duwatsu da toka da laka, wanda ake shafa wa tukunya. Idan wuta ta ci shi sai ya narke ya zama kamar gilashi. Na uku tanderu ne na bulo, wanda zafinsa yake haura digiri 1,200. A irin wannan zafi laka takan haɗe ta zama kamar dutse.

Amma ba kwanuka da kofuna ne suka ɗaukaka sunanta ba. Abin da ya ɗaukaka shi shi ne randar Kwali. Ladi ta ci gaba da gina randuna da hannu kamar yadda ta koya a gida, tana zagayawa, tana ɗora igiyoyin laka, tana zana ƙadangarunta da kunamunta. Bambancin shi ne, yanzu da lakar cibiyar take gini, akan cike zanen da farar laka don ya fito fili, a shafa ruwan ƙyalli, a sa a tanderu. Abin da ke fitowa sabo ne a duniya: siffa da zane na Gwari, ƙarfi da ƙyalli irin na tangaran. A ƙarƙashin ƙyallin, mai duhu ko mai ɗan kore-kore, dabbobin suna bayyana kamar ana hango su a cikin ruwa.

Sai dai an sami riba, an kuma yi asara. Ku tuna ƙananan ƙofofin nan da muka ambata. Zafin tanderu da ruwan ƙyalli sun toshe su gaba ɗaya. Saboda haka sabuwar randar ba ta sanyaya ruwa. Ta yi nauyi ƙwarai, mace ba za ta iya saɓa ta a kafaɗa ta tafi rafi ba, yadda matan Gwari ke ɗaukar kaya. Ta kuma yi tsadar da matar ƙauye ba za ta iya saya ba. Randa ce a ido, amma ba ta aikin randa. Masu sayenta galibi Turawa ne ma'aikatan gwamnati da manyan 'yan boko, su kuma ajiye ta suke yi a falo. Haka ma kayan cin abincin da cibiyar ta yi: an yi niyyar talakan Nijeriya ya amfana da su, amma shi ya ci gaba da sayen kwanukan ƙarfe masu fenti, domin sun fi araha kuma ba sa fashewa. Idan aka auna cibiyar Abuja da manufar da aka kafa ta dominta, ba ta cim ma burinta sosai ba. Idan kuwa aka auna ta da kyan abin da ta fitar, samun irinta sai an tona.

Yanzu mu koma kan haruffan nan biyu. Al'adar maginan Ingila irin su Cardew ce kowace tukunya ta ɗauki hatimi biyu: na wurin da aka yi ta, da na wanda ya yi ta. Hatimin cibiyar shi ne kalmar Abuja da rubutun ajami. Kusa da shi kowane magini yana danna nasa. Na Ladi shi ne LK. Ita da ba ta yi makaranta ba, sai ga ta da sa hannu wanda ake ganewa a London. Daga ranar da aka fara danna wannan hatimi, randarta ta daina zama randar Gwari kawai, ta zama aikin mutum guda mai suna, wanda za a iya nema, a kwatanta na bana da na bara, a rubuta a littafi.

Don mu gane ƙarfin sa hannu a duniyar masu zane, bari mu leƙa Amurka a wannan zamani. Akwai wani mai zane a can, Andy Warhol, wanda aka haifa a Pittsburgh a 1928, ya rasu a 1987. Yana cikin jagororin salon da ake kira Pop, wato ɗaukar abubuwan da kowa ya saba gani a kanti da jarida a mai da su zane. A 1962 ya baje zane 32 na gwangwanin miyar Campbell's, kowanne kusan iri ɗaya da ɗan'uwansa. A wannan shekara kuma ya yi wani zane wanda ba komai a cikinsa sai takardun dala ɗaya guda 200 a jere. A 2009 an sayar da shi a gwanjo a New York kan fiye da dala miliyan 43. Gidajen adana kayan tarihi da na zane sukan buga fosta, wato babbar takardar sanarwa mai hoto, idan za su baje aikin irin waɗannan mutane. Ana buga ta da yawa, a manna a bango, a sayar da saura da araha. Amma idan mai zanen ya ɗauki alƙalami ya sa hannu a kan guda, sai ta fita daga cikin 'yan'uwanta. Masu tara irin waɗannan kaya su yi ta nemanta, a sa ta a gilashi, kuɗinta ya ninka sau da yawa. Takarda ɗaya ce, tawada ɗaya ce. Sunan ne ya bambanta.

Tsakanin Warhol da Ladi akwai nisa kamar sama da ƙasa. Shi da na'urar buga hoto da mataimaka yake aiki, yana son abu ya maimaitu. Ita kowace randa da tafin hannunta ta tashe ta, babu biyu da suka zama ɗaya. Amma sun haɗu a wuri guda: dukkansu sun ɗauko abin ɗakin girki, shi gwangwani, ita randa, sun kai shi inda ake zuwa kallo. Akwai kuma ɗan abin dariya a ƙarshen labarinsu. Shi ya ɗauki kuɗi ya sa a cikin zane, ita kuwa ƙasarta ta ɗauke ta ta sa a cikin kuɗi.

A 1958 Cardew ya kai kayan cibiyar Abuja wani gidan baje kolin zane a London mai suna Berkeley Galleries. An sake yin haka a 1959 da 1962. Randunan Ladi ne suka fi jan hankali, aka yi ta rububinsu. A 1960, shekarar samun 'yancin kai, an nuna aikinta a Legas. A farkon shekarun 1960 ita da kanta ta tafi Ingila, ta yi gini a gaban ɗalibai da malamai a makarantun zane, ta kuma je Faransa da Jamus. A 1972 ta zaga Amurka tare da Cardew da wani abokin aikinsu ɗan Gana, Kofi Athey. A duk inda ta je, ba dogon jawabi take yi ba. Akan kawo mata laka, ta ɗaura ɗamara, ta fara zagayawa. Mutanen da suka yi shekaru suna koyon faifai mai juyawa sukan zuba ido, suna kallon yadda katuwar randa ke tashi daga curin laka cikin ɗan lokaci, ba tare da wata na'ura ba. Wannan tafiya ta gyara tunanin mutane da yawa waɗanda suka ɗauka ginin hannu aikin waɗanda ba su ci gaba ba ne.

Shigarta cibiyar ta buɗe wa wasu mata ƙofa. Halima Audu ta biyo bayanta, sai dai ba ta yi tsawon rai ba. Daga baya Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa suka zo. Ɗakin da suke ginin hannu a ciki ana kiransa Ɗakin Gwari. Su ma sun sami hatiminsu, kuma masu tara tukwanen Abuja sun san aikinsu. Duk da haka sunan Ladi ya rufe nasu, kamar yadda hasken wata ke rufe taurari. Wannan ma yana cikin halin suna: idan ya haskaka mutum ɗaya, yakan bar na kusa da shi a inuwa. Matan Kwali da suka koya mata, da waɗanda suka ci gaba da gasa tukwane a matoya suna kai wa kasuwa, ba wanda ya rubuta sunayensu ko kaɗan.

Cardew ya bar aiki a Abuja a 1965, wani Bature, Michael O'Brien, ya gaje shi. Ladi ba ta bar wurin ba. Ta ci gaba da aiki a cibiyar, tana gini tana koyarwa. Lambobin girma suka yi ta zuwa. Ingila ta ba ta lambar MBE a farkon shekarun 1960. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta, abin da ya sa ake rubuta Dakta Ladi Kwali. A 1980 gwamnatin tarayya ta ba ta lambar NNOM, wadda ake ba waɗanda suka yi zarra a fagen ilimi da fasaha, galibi manyan farfesoshi. A 1981 aka ƙara mata da OON. Ba ƙaramin abu ba ne a ce ƙasar da take ɗaukaka takardar shaidar makaranta ta yarda cewa akwai ilimin da ke zaune a tafin hannu.

Cardew ya rasu a Ingila a 1983. Ladi ba ta daɗe a bayansa ba: ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984. An sa wa cibiyar Suleja sunanta. Akwai titi mai sunanta a Abuja, akwai kuma babban zauren taro a ɗaya daga manyan otal-otal na birnin. Tukwanenta suna ajiye a gidan tarihi na Victoria da Albert a London, da gidan tarihin fasahar Afirka na Smithsonian a Washington, da Jami'ar Aberystwyth a yankin Wales. A 2022 an yi wani baje koli a London kan mata baƙar fata masu aikin laka, aka fara shi da randunanta. A wannan shekara kuma, ranar 16 ga Maris, kamfanin Google ya sa zanenta a shafinsa na farko. Idan tukunyar Abuja ta fito a gidan gwanjo a yau, abin da mai saye yake fara yi shi ne ya kifa ta, ya dubi gindinta, ya nemi L da K.

Abin takaici shi ne, da yawa daga cikin manyan randunanta suna ƙasashen waje. Ɗalibin Lafiya da yake son ganin aikin hannunta ido da ido zai sha wuya kafin ya samu, alhali Kwali ba ta da nisa da iyakar jiharsa. Abin da ya fi kusa da shi shi ne hoton da Babban Bankin Nijeriya ya sa a bayan sabuwar naira ashirin a watan Fabrairu na 2007, shekara ashirin da biyu da 'yan watanni bayan rasuwarta. A jikin takardar akwai sa hannun Gwamnan Babban Banki, wanda shi ne yake mai da leda ta zama kuɗi. An kuma rubuta darajarta da harsunan ƙasa uku. Na Hausa yana cewa Naira Ashirin. An buga miliyoyinta, suna yawo daga hannun mai kayan miya zuwa na ɗan acaɓa, daga Bukan Sidi zuwa Kwali, inda har yau akwai matan da ke zagaya curin laka a sunkuye, hannu ɗaya a ciki, ɗaya a waje.